Dodon Tafkin Ness: Hoton da Ya Yi Shekara 60 Yana Yaudarar Duniya

A watan Disamban 1933, jaridar Daily Mail ta Landan ta ɗauki hayar wani maharbin manyan namun daji mai suna Marmaduke Wetherell, ta tura shi arewacin Sikotland da aiki guda ɗaya: ya nemo mata dodon da ake ta raɗe-raɗin yana cikin tafkin Ness. Bai yi kwanaki da sauka ba sai ga albishir. Ya ce ya ga sawu a bakin ruwa, manya-manya masu yatsu huɗu, kuma a ƙiyasinsa dabbar da ta taka wurin za ta kai tsawon ƙafa 20. Aka zuba filasta aka ɗauki siffar sawun, aka aika wa masanan gidan adana tarihin halittu na Landan. Da amsarsu ta fito a farkon Janairun 1934, sai ta zo da abin kunya. Sawun dorina ne, kuma dukkansu na ƙafa ɗaya ne. Wato wani ne ya ɗauki busasshiyar ƙafar dorina, irin wadda Turawan wancan zamani ke kawowa daga Afirka su mai da ita abin zuba tokar sigari ko ma'ajiyar lema, ya bi gaɓar tafki yana dangwala ta a cikin laka.

Jaridu suka yi wa Wetherell ca, har da wadda ta aike shi. An daɗe ana zaton 'yan gari ne suka yi wasa da hankalinsa, sai daga baya bincike ya nuna shi kansa yana da irin wannan ƙafa a cikin kayansa. Ko ma yaya aka yi, mutumin ya koma gida da ɓacin rai, kuma wannan ɓacin rai ne ya haifi hoton dodon ruwa mafi shahara a duniya.

Shi kansa tafkin wuri ne da ke taimaka wa duk mai son ya ga wani abu. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 37, siriri ne tsakanin tsaunuka, zurfinsa kuma ya kai mita 230. Ruwan da ke cikinsa ya fi na dukkan tafkunan Ingila da Wales a haɗe. Baƙi ne wuluk saboda ruɓaɓɓiyar ciyawar da ƙoramu ke kwasowa daga kan tuddai, har mai nutso ba ya iya ganin abin da ke gabansa da zarar ya yi ƙasa kaɗan. Masu kare labarin dodon sukan ja tarihinsa zuwa wajen shekarar 565, lokacin da aka ce wani malamin Kirista mai suna Columba ya kori wata dabbar ruwa da ta kashe mutum. Sai dai an rubuta wannan labari ne fiye da shekara 100 bayan haka, a cikin littafin da ke bayar da karamominsa, kuma a kogin Ness aka ce abin ya faru, ba a tafkin ba.

Dodon da duniya ta sani a yau ɗan shekarar 1933 ne. A wannan shekara aka gyara hanyar mota da ta bi gaɓar arewa, aka sare itatuwa, masu wucewa suka fara ganin ruwan fili. Ranar 2 ga Mayu jaridar Inverness Courier ta buga rahoton wani mai kula da kamun kifi a tafkin, Alex Campbell, cewa wata mata mai suna Aldie Mackay da mijinta sun ga wani ƙaton abu yana birgima a ruwa. A watan Yuli kuma wani baƙo daga Landan, George Spicer, ya ce shi da matarsa sun ga wata halitta mai dogon wuya ta tsallaka titi a gaban motarsu ta nufi ruwa. A daidai lokacin fim ɗin King Kong yana tashe a gidajen silima, kuma a cikinsa akwai wata dabbar zamanin da mai dogon wuya da ke fitowa daga ruwa. Spicer ya amince cewa ya kalli fim ɗin. A watan Nuwamba wani ma'aikaci mai suna Hugh Gray ya kawo hoto na farko, dishi-dishi, wanda har yau wasu ke ganin kare ne ke iyo da sanda a baki. Jama'a suka fara tururuwa, otal-otal suka cika. Abin da ya rage kawai shi ne hoto mai kyau.

Ya zo ranar 21 ga Afrilun 1934, a Daily Mail. Ga ɗan ƙaramin kai, ga dogon wuya a tanƙware ya ɗago daga cikin ruwa, ga ƙananan igiyoyin ruwa sun yi masa zobe. Aka ce wani likitan mata na Landan ne, Robert Kenneth Wilson, ya ɗauka yayin da yake wucewa a mota. Likitan ya ƙi yarda a buga sunansa, don haka aka riƙa kiransa “hoton likita”. Wannan noƙewa ta ƙara masa daraja a idon masu karatu, domin ga mutum mai ilimi da matsayi, ba ya neman suna, me zai sa ya yi ƙarya? Daga ranar nan siffar Nessie, kamar yadda ake yi wa dodon laƙabi, ta zauna daram. Duk wanda ya je tafkin bayan haka ya riga ya san abin da zai nema.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan amana ta ido aka gina yaudarar. Hoton da aka yi ta bugawa yankakke ne. An datse shi ta kowane gefe har abin ya cika takarda, babu gaɓa, babu itace, babu jirgi, babu komai da ido zai auna girmansa da shi. Cikakken hoton kuwa yana nuna ɗaya gaɓar tafkin can nesa, da wani ɗan mitsitsin abu a tsakiyar ruwa. Wanda ya saba da bakin ruwa zai lura cewa igiyoyin da ke kewaye da shi ƙanana ne, irin waɗanda iska mai sauƙi ke tayarwa, kuma idan aka gwada wuyan da su, wuyan bai taka kara ya karya ba. A 1984 wani mai bincike, Steuart Campbell, ya yi wannan lissafi ya ce abin bai wuce ƙafa 2 zuwa 3 ba. Ya zaci karen ruwa ne ko tsuntsu. 

Gaskiyar ma ta taɓa leƙowa kafin nan. A Disamban 1975 jaridar Sunday Telegraph ta buga ɗan gajeren labari inda Ian, ɗan Wetherell, ya ce su ne suka haɗa hoton. Babu wanda ya kula. Sai bayan shekaru wasu masu binciken tafkin biyu, David Martin da Alastair Boyd, suka ci karo da tsohuwar jaridar suka bi sawu. Ian ya riga ya rasu, amma sun tarar da agolan Wetherell, Christian Spurling, tsoho mai kusan shekara 90 a duniya, gwanin ƙera ƙananan siffofi. Kafin rasuwarsa a 1993, ya zayyana musu komai. An sayo jirgin ƙarƙashin ruwa na wasan yara a kantin Woolworths. Spurling ya kwaɓa garin katako mai daskarewa ya gina kai da wuya a samansa, tsayin kamar ƙafa ɗaya, ya liƙa dalma a ƙasa don kada ya kife. Wetherell da Ian suka kai shi wani lungu na tafkin inda ruwa bai da zurfi, suka saka shi suka ɗauki hoto. Da suka ji motsin mai gadin tafki, Wetherell ya taka abin ya nutsar. Wani abokinsu ɗan inshora, Maurice Chambers, shi ya haɗa su da likita Wilson, domin sun san idan sunan Wetherell ya fito babu wanda zai saurara. Manufar, in ji Spurling, ita ce ramuwar gayya: jarida tana son dodo, to za a ba ta dodo.

Aka buga wannan fallasa a watan Maris na 1994. Har yanzu akwai 'yan tsiraru da ke shakkar ikirarin Spurling, amma girman abin da ke cikin hoton ya yi daidai da bayaninsa.

Akwai wani abu game da Boyd da ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ba mai ƙaryata dodon ba ne. Ya ce da idonsa ya ga wata babbar halitta a tafkin a 1979, kuma bai janye ba. Amma shi ne ya rushe babbar hujjar ɓangarensa, saboda ya fahimci cewa jabun hoto ba ya taimakon mai neman gaskiya. Wannan shi ne ɓangaren labarin da aka fi mantawa. Waɗanda masu haɗa hotunan bogi suka fi cuta su ne mutanen kirki da suka ga wani abin da ba su gane ba, suka faɗa tsakani da Allah, sannan aka haɗa su da maƙaryata a kwando ɗaya.

Maƙaryatan kuwa ba su yi ƙaranci ba. A 1951 wani ma'aikacin gandun daji, Lachlan Stuart, ya kawo hoton tozo uku a jere a kan ruwa. Daga baya marubuci Richard Frere ya bayyana cewa dammunan ciyawa ne aka lulluɓe da tamfol. Ranar 31 ga Maris na 1972 aka tsinci gawar wata ƙatuwar dabba a tafkin, har 'yan sanda suka tare motar da ta ɗauke ta, ashe mushen wata dabbar teku ce da wani ma'aikacin gidan namun daji ya gyara wa fuska ya jefa don ya tsokani abokan aikinsa. A shekarun 1970 wani Frank Searle ya kafa sansani a bakin ruwa yana fitar da hotuna bi da bi, har asirinsa ya tonu. A 2012 ma, wani matuƙin jirgin 'yan yawon buɗe ido, George Edwards, ya fito da hoton tozo da ya ce shi ne sakamakon shekarun da ya yi yana fako. Shekara guda bayan haka ya amsa cewa tozon ƙirar faiba ne da aka taɓa amfani da shi a wani shirin talabijin, kuma bai nuna nadama ba, don a ganinsa irin wannan ne ke kawo baƙi.

A nan ya taɓo zuciyar al'amarin. Wani ƙiyasi na 2018 ya ce sunan Nessie yana kawo wa tattalin arzikin Sikotland kimanin fam miliyan 41 a shekara. Otal, jiragen yawo, shagunan tsaraba, duk suna ci daga wannan suna. Ba a ce kowane mai cin abinci a bakin tafkin maƙaryaci ne ba, amma inda labari ke ciyar da gari, da wuya a sami mai gaggawar binne shi.

Akwai wani rukuni na hotuna da ya fi na bogi wuyar sha'ani, wato waɗanda masu su suka yi imani da su. A 1960 wani injiniyan jiragen sama, Tim Dinsdale, ya ɗauki fim na wani tozo yana ratsa tafkin. Masu nazarin hotuna na rundunar sojin saman Birtaniya suka duba a 1966 suka ce mai yiwuwa abu ne mai rai. Dinsdale ya bar aikinsa ya ƙarar da sauran rayuwarsa a kan farautar, amma nazarin baya ya karkata ga cewa ƙaramin jirgin ruwa ne da nisa da hasken rana suka ɓoye siffarsa. A 1972 Ba'amurke Robert Rines ya saka kyamara a ƙarƙashin ruwa ya fito da hoton wani abu mai kama da filafilin babbar dabba. Hoton ya burge mashahurin masanin tsuntsaye Sir Peter Scott har shi da Rines suka raɗa wa dodon sunan kimiyya a mujallar Nature a 1975, domin doka ta samu damar kare shi. Daga baya aka gane cewa hoton da aka buga an yi masa kwaskwarima sosai, na asalin duhu ne kawai da wani abu marar siffa. Wani hoton Rines na 1975 da aka ce kan dodon ne, masu bincike sun gano wani ruɓaɓɓen kututture a ƙasan ruwa a wurin mai irin wannan kama.

Masu imani da dodon sukan ce ruwa ba ya tsami banza: mutum sama da 1,000 sun ba da rahoton gani, duk mafarki suke yi? Amsar da Adrian Shine ya bayar, mutumin da ya zo yankin a 1973 don farautar dodo ya koma masanin tafkin, ita ce lallai suna ganin wani abu. A siririn tafki mai kwanciyar ruwa, igiyar da jirgi ya bari takan ci gaba da tafiya bayan jirgin ya ɓace, ta yi kama da jerin tozaye. Barewa kan yi iyo ta tsallaka, kai da wuya kawai a waje. Tsuntsayen ruwa a nesa, inda babu abin auna girma, sukan zama ƙatti. Wani lokaci ruwan ɗumi na sama da na sanyi na ƙasa sukan yi wani irin motsi a ɓoye wanda ke jan gungumen itace ya yi gaba da iska, sai ka rantse mai rai ne. A 2003 masu shirin BBC suka gwada idon mutane: suka ɓoye wani dogon katakon shinge a ruwa suka ɗago shi a gaban 'yan yawon buɗe ido, sannan suka ce kowa ya zana abin da ya gani. Yawanci sun zana abu mai kusurwa, amma wasu sun zana kan dodo.

Lissafin abinci ma bai ba da dama ba. Dabbar da aka fi dangantawa da Nessie ita ce filesiyoso, mai dogon wuya, wadda ta ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali tafkin Ness ƙanƙara ce ta rufe shi har zuwa kimanin shekara 10,000 baya. Dabba ɗaya ba ta rayuwa dubban shekaru, dole a sami garke mai hayayyafa, kuma kifin tafkin gaba ɗaya an ƙiyasta shi kusan tan 20 ne, bai isa ya riƙe garken manyan dabbobi ba. Ga shi filesiyoso iska take shaƙa, da tana nan da an riƙa ganin ta sau da yawa kowace rana.

An kuma bincika ruwan iya bincike. A Oktoban 1987, a wani gagarumin aiki da Shine ya jagoranta, jiragen ruwa sama da 20 suka jeru a faɗin tafkin da na'urorin da ke aika sauti ƙasa su saurari amsa-kuwwa. Sun sami alamu uku da ba a tantance ba, ba su sami dodo ba. A 2016 wani mutum-mutumin ƙarƙashin ruwa na kamfanin Kongsberg ya hango wata siffa mai dogon wuya, tsawon mita 9, kwance a ƙasa. Ashe gunkin Nessie ne da aka ƙera don wani fim na Sherlock Holmes, ya nutse a 1969 lokacin ɗaukar fim ɗin. A Agustan 2023 aka sake yin gangami mafi girma cikin shekara 50, da jirage marasa matuƙa da na'urorin sauraro, aka tashi hannu rabbana.

Ba Sikotland kaɗai ke da irin wannan ba. A tafkin Champlain, tsakanin Amurka da Kanada, Sandra Mansi ta ɗauki hoton wani abu mai dogon wuya a 1977. Masana ba su ga alamar an taɓa hoton ba, amma fim ɗin asali ya ɓata kuma ba ta iya nuna ainihin wurin da ta tsaya ba, don haka babu hanyar auna girman abin. Masu bincike irin su Joe Nickell da Benjamin Radford sun fi zaton kututture ne ya taso ya sake nutsewa. A Suwidin hukumar wani yanki ta saka dodon tafkin Storsjön cikin halittun da doka ta kare a 1986, aka soke a 2005. A Afirka kuwa akwai mokele-mbembe na dazuzzukan arewacin Kwango, wajen tafkin Tele, wanda masanin Jami'ar Chicago Roy Mackal, tsohon mafaraucin Nessie, ya je nema a 1980 da 1981 bai samu ba. Abin damuwa a irin wannan shi ne yadda baƙi ke zuwa da hoton dabbar zamanin da a kansu, su ɗora shi a kan labarin mutanen wuri. Haka aka yi wa al'ummar Syilx ta Kanada, waɗanda ruhin ruwan da suke girmamawa a tafkin Okanagan ya koma Ogopogo, koren dodo na tallar yawon buɗe ido.

Yau kusan duk wanda ya tsaya a bakin tafkin Ness yana da kyamara mai ƙarfi a aljihunsa, amma hotunan dodon ba su ƙara fitowa sarai ba, har yanzu ɗigo ne a nesa. Abin da ya ƙaru shi ne sauƙin haɗa na bogi. Aikin da ya ci wa Spurling kwanaki, yanzu yaro zai yi shi da manhajar ƙirƙirarriyar basira kafin shayi ya huce, kuma hotunan 'yan ruwa da manyan macizai da ke yawo a WhatsApp a garuruwanmu da irin dabarar 1934 suke tafiya: babu sunan wuri takamaimai, babu abin auna girma, sai dai a jingina su ga wani mai mutunci da ba a ambaci sunansa ba.

Bincike mafi zurfi da aka yi wa tafkin bai yi amfani da hoto ba sam. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand ya ɗebi ruwa kashi 250 daga sassa da zurfi daban-daban, ya tace ɓurɓushin ƙwayoyin halitta da kowane mai rai ke bari ta fata da kashi da majina. Sakamakon da ya sanar a Satumban 2019 ya nuna halittu kusan 3,000, yawancinsu ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai kifaye, tsuntsaye, barewa, alade, shanu da mutane. Babu ko alamar dabba mai rarrafe irin filesiyoso. Abin da aka samu birjik a ko'ina shi ne alamar wani kifi mai siffar maciji da Turawa ke kira il. Gemmell ya ce gwajin ba ya nuna girman kifi, don haka bai kore yiwuwar akwai ƙato a cikinsu ba, ko da yake irin wannan kifi na Turai da wuya ya wuce mita ɗaya da 'yan kai.

Wannan kifi shi ya fi cancanta a damu da shi. Ana ƙyanƙyashe shi ne a tekun Sargasso, can yammacin tekun Atlantika, igiyar ruwa ta ɗauko 'ya'yan ta yi tafiyar dubban kilomitoci da su zuwa gaɓar Turai, su hau koguna irin kogin Ness, su yi shekaru a ruwan daɗi, sannan su koma inda aka haife su su hayayyafa su mutu. Tun daga shekarun 1980 yawan 'ya'yan da ke isowa Turai ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, saboda madatsun ruwa da gurɓata da kamu ba bisa ƙa'ida ba, kuma tun 2008 yana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya.